Zango Ɗan Hanya Ne: Yadda Hanyar Arewa Ta Bar Salaga Ta Raya Tamale



Kowa a cikinmu ya tashi da kalmar zango a bakinsa, amma kaɗan ne daga matasanmu ke tambayar asalinta. A wurin kakanninmu, zango shi ne inda ayari ke sauke kaya idan tafiyar yini ta ƙare, a shayar da jakuna, a kwana, da asuba a ɗaura a wuce. Tazarar da ke tsakanin masauki da masauki ma zango ake ce mata. Ashe sunan da muke amsawa a ƙasar Ghana sunan hanya ne. Hanya ce ta kawo mu, ita ta zaunar da mu, kuma ba sau ɗaya ba ita ta tashe mu. Abin da nake so mu duba a yau shi ne yadda ikon shata hanya ya fita daga hannun madugai da sarakuna ya koma hannun gwamnati, da abin da wannan sauyi ya yi wa garuruwa biyu masu riƙe da tarihinmu, Salaga da Tamale.

Hanyar Gwanja tsohuwa ce ƙwarai. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki a tsakiyar ƙarni na 15, da cewa a zamaninsa aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Sai dai a ƙarni na 19 ne fataucin ya bunƙasa, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, sa'ad da kasuwar goro ta faɗaɗa a ƙasar Hausa. Fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da turkuɗi da fatu da busasshiyar albasa. Bayan sun haye Kwara, wasu su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, wasu su bi ta Gurma su faɗo Sansanin Mango, yawanci a bi ta Yendi a gangaro Salaga. Tafiyar watanni ce, zuwa da komowa kuwa kan cinye mafi yawan shekara. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da ayarin Hausawa a Kayama yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kwatankwacin haka.

Babu wata gwamnati guda da ta mallaki wannan hanya daga farkonta zuwa ƙarshenta. Kowane sarki yana tsare yankinsa, ya karɓi garama. A bakin kogi a biya kuɗin fito. Amma madugu yana da makami a hannunsa. Idan sarki ya tsananta garama, ko ya bar 'yan fashi suna tare hanya, baɗi sai ayari ya kauce wa garinsa, kasuwarsa ta mutu. Saboda haka bakin fatake yana cikin shawarar inda hanya za ta bi. Daga kudu kuma akwai hanyar Tonawa, wadda ta taso daga Kumasi ta bi ta Mampong da Atebubu, ita kuwa hanyar hukuma ce, da ma'aikatan Sarkin Asante masu lura da mai shiga da mai fita. A Salaga hanyoyin biyu suka haɗu, shi ya sa garin ya zama abin da ya zama, garin rijiyoyi da masallatai da malamai. Gaskiya kuma ba ta barin mu ɓoye cewa ba goro kaɗai aka saya aka sayar a kasuwar ba. An sayar da bayin Allah masu yawa, kuma jikokinsu maƙwabtanmu ne a yau.

Girman da hanya ta ba Salaga, hanya ce ta fara karɓe shi. A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi, ƙasashen da ke tsakanin Asante da Gwanja suka yi wa Tonawa tawaye, sai goro ya juya zuwa Kintampo. A 1892 rikicin sarautar Kpembe ya zama yaƙin basasa, aka watsa Salaga. Fatake da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Ankara. A cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙare rayuwarsa a Krachi a 1934. Sa'an nan a 1911 layin dogo ya isa Kano. Tun daga lokacin ya fi sauƙi a kai huhun goro bakin teku, a ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi, a kan a bi jaki wata da watanni. Ayarin jakuna bai mutu rana ɗaya ba, amma ƙarfinsa ya tafi.

A daidai wannan zamani Turawan Ingila suka kafa mulkinsu a Arewa, suka mai da ita yankin kariya daga farkon 1902. Manufarsu ba ɓoyayya ba ce. Tun a 1899 Gwamna Hodgson ya rubuta wa magabatansa cewa ba ya ganin a kashe wa Arewa kuɗi fiye da abin da zai riƙe mulki da kuma fataucin da ke ratsawa. Da fari hedikwatarsu tana Gambaga, a 1907 suka dawo da ita Tamale, domin ta fi zama a tsakiya. Tamale a lokacin tarin ƙauyukan Dagwamba ce, ba ta kai Yendi ko Salaga suna ba. Da hukuma ta zauna, sai aka shiga sare hanyoyi daga gare ta zuwa Yendi da Gambaga da Navrongo da Daboya da Salaga. Inda hanyoyi suka haɗu kuwa, nan Bahaushe ke sauke kayansa. Mahauta da dillalai da maɗinka da malamai da tsofaffin sojoji suka zo, sarakunan Dagwamba suka ba su wurin zama. Zangon Salaga hanyar ayari ce ta haife shi. Zangon Tamale hanyar gwamnati ce.

Wajibi ne mu san da gumin wa aka yi waɗannan hanyoyi. Babu katafila a lokacin. Disi ne ke aika wa sarki yawan mazajen da yake so, sarki ya tara su, su zo da fartanya da gatari da kwando, su sare daji, su ɗauko burji a ka, su kuma ɗauki kayan hukuma daga gari zuwa gari. Aikin tilas ne, sau da yawa ba lada ko da lada kaɗan, wani lokaci ma da damina ana tsakiyar noma. Mafi yawan waɗanda nauyin ya faɗa wa talakawan ƙauyuka ne na Dagwamba da Gwanja da Mamprusi da sauran ƙabilun Arewa. Sai bayan yarjejeniyar hana aikin tilas da aka ƙulla a Geneva a 1930 abin ya fara sauƙi. Mu da muka ci kasuwa a kan hanyar, ya kamata wannan ya ƙara mana kunyar masu masaukinmu da girmama su.

Gwamnan da ya fara kawo tsari na dogon lokaci shi ne Gordon Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927. Ya shirya tsarin raya ƙasa na shekara goma, na kusan fam miliyan 25, kuma kaso mafi tsoka na sufuri ne. Daga cikinsa tashar jiragen ruwa ta Takoradi ta fito, aka buɗe ta a 1928. A cikinsa kuma akwai layin dogo daga Kumasi zuwa Arewa, har aka yi awon inda zai bi. A farkon shekarun 1920 mota ta riga ta fara zuwa Tamale daga Kumasi, ta Mampong da Ejura da Atebubu, a haye kogin Volta da jirgin fito a Yeji, a bi ta Salaga a ƙaraso. Da Guggisberg ya tafi, magadansa suka ce lori ya wadatar, Arewa ba ta da kayan da za su biya kuɗin dogo. Karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta zo ta rufe maganar. Har yau da nake wannan rubutu jirgin ƙasa bai taɓa shigowa Arewacin Ghana ba. Wannan shawara guda ita ta rataya rayuwar Arewa gaba ɗaya a wuyan titi.

A kan wannan titi samarin Arewa suka riƙa gangarawa Kurmi, zuwa ramukan zinariya na Obuasi da Tarkwa da gonakin koko, tare da shanu da doya da man kaɗe. Gishirin Ada da goro da atamfa da kananzir kuma suka riƙa haurowa. Iyayenmu ba su tsaya kukan jaki ba. Ɗan madugu ya zama mai lori ko direba, fatoma ya zama maigidan 'yan shanu da 'yan goro a bakin tasha. Salaga ta ragu, amma tana nan a kan babbar hanyar Arewa, duk motar da za ta Tamale sai ta ratsa ta.

Abin da ya ƙarasa cire Salaga daga hanya ya zo bayan samun 'yancin kai. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta ɗauki aikin hanya da muhimmanci: an buɗe gadar Adomi a 1957, an shirya tsarin raya ƙasa na shekara bakwai, an buɗe babban titin Ankara zuwa Tema a 1965. Amma aikin da ya fi taɓa mu ba na hanya ba ne, na lantarki ne. Madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka fara a 1961 aka buɗe a watan Janairun 1966, ta haifi tafkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,500. Mutane wajen 80,000 aka tasa, ruwa ya cinye tsohon garin Kete Krachi da zangonsa. A Yeji, kogin da ake hayewa cikin ɗan lokaci ya zama tafki mai faɗi, mota ta jira jirgin fito kafin ta kai Makango. Sai babbar hanya ta koma yamma, ta Techiman da Kintampo, a haye Baƙin Volta a gadar Buipe, a haye Farin Volta a gadar Yapei, a shigo Tamale. Kasuwar Techiman ta bunƙasa, Kintampo ta farfaɗo, Salaga ta zama gari a gefe. Tamale ta tsira domin tsohuwar hanya da sabuwa duk a cikinta suke ƙarewa.

Babu wanda ya zauna a Ankara da niyyar kashe kasuwar Salaga. Ana neman wutar da za ta juya masana'antu ne, musamman ta alminiyum da ke Tema. Amma shawarar da aka yanke a kan takarda ta kawar da abin da jakuna suka shekara ɗaruruwa suna takawa, kuma wannan karo babu madugun da aka tambaya.

Zamanin da ya biyo baya ya koya mana darasi na biyu, cewa yin hanya ya fi riƙe ta sauƙi. A 1974 aka kafa Hukumar Manyan Hanyoyi ta Ghana. A shekarar ce kuma, ranar 4 ga Agusta, ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, kamar yadda Najeriya ta yi a 1972, domin daidaituwa da maƙwabta masu magana da Faransanci. Amma daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1983, shekarar fari da gobarar daji, baitulmali ya bushe, kwalta ta farfashe, taya da kayan gyara suka yi wuya. Tsofaffin direbobinmu suna nan da rai, a tambaye su yadda tafiyar Kumasi zuwa Tamale, wadda ba ta kai kilomita 400 ba, ta riƙa cin kwanaki da damina. Daga wannan wahala aka kafa Asusun Hanya a 1985, aka ƙarfafa shi da doka a 1997. Mafi yawan kuɗinsa daga harajin man fetur da gas ya riƙa fitowa. Ma'ana, duk mai babur da mai adaidaita da ya sha mai a Tamale ya sa hannu a kuɗin gyaran titi, yana da haƙƙin tambayar inda kuɗin ya shiga. A shekarun 1990 aka sake gina hanyar Kumasi zuwa Paga da taimakon bashi daga Japan, Arewa ta numfasa.

Ba a daɗe ba kaya suka ƙaru a kanta. Da rikici ya ɓarke a Kwaddibuwa a 2002, 'yan kasuwar Burkina Faso da Mali da Nijar da yawa suka juyo da kayansu daga Abijan zuwa tashar Tema, tireloli suka riƙa ratsa tsakiyar Tamale dare da rana. Masu abinci da masu faci da makanikai da masu masauki sun amfana, titi kuwa ya sha nauyin da ya wuce ƙarfinsa. A ƙarshen 2017 aka rufe gadojin Buipe da Yapei na wasu makonni domin gyara. Kowa ya tuna zagayen da motoci suka yi da yadda kuɗin mota da na kaya suka tashi. A makonnin nan muka gani da idonmu abin da watsi da layin dogon Guggisberg ya bar mana: yanki guda na ƙasa a rataye da gadoji biyu.

Ba za a ce ba a yi kome ba tun daga nan da kafin nan. Hanyar Fufulso zuwa Sawla, mai kimanin kilomita 147, wadda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinta aka kammala a 2015, ta zo da kasuwanni da ɗakunan shan magani da makarantu da ruwan sha a garuruwan da ta ratsa, abin koyi ne na yadda ake shirya hanya da mutanen bakinta a zuciya.  A watan Maris na 2022 aka buɗe gadar sama ta tsakiyar Tamale, irinta ta farko a Arewa, wadda kamfanin Sinohydro na ƙasar Sin ya gina.

Aikin da ya fi cancantar mu zuba masa ido shi ne hanyar gabas, mai kusan kilomita 700, wadda ta taso daga Tema ta bi ta Hohoe da Nkwanta da Bimbilla da Yendi, ta haura zuwa Bawku da Kulungugu a kan iyaka. Gwamnatoci da dama sun yi aiki a sassanta, kowace ta bar wa ta bayanta saura. Alheri ce babba ga Yendi da Bimbilla da manoman doya, kuma za ta raba wa gadojin Buipe da Yapei nauyi, don haka addu'armu ita ce a gama ta. Amma mu lura da taswira: wannan hanya ba ta bi ta Tamale ba. Ranar da ta kammala, wani kaso na motocin albasar Nijar da na kayan da ke haurawa daga Tema zai sami gajeriyar hanya. Haka nan duk titin zobe da za a yi domin fitar da manyan motoci daga cikin gari zai rage cunkoso da haɗari, zai kuma ɗauke ciniki daga wata tasha ya kai wata. Tamale ta girma, ta wuce a ce hanya ɗaya za ta kashe ta. Sai dai sana'o'in zango, dillanci da lodi da masauki da abincin tasha, su ne mafi kusa da bakin titi, su iska ke fara kaɗawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun Salaga ya kama tun iyayenmu na samari.

A aikina na magatakarda, takardun koke a kan hanya da kwata suna cikin waɗanda suka fi ratsa hannuna, kuma aibinsu biyu ne. Na farko, sukan tafi ƙofar da ba tasu ba. Bisa tsarin da aka daɗe a kai, aikin hanya gida uku ne: manyan hanyoyin da ke haɗa yankuna suna hannun Hukumar Manyan Hanyoyi, titunan cikin birni suna da sashensu, hanyoyin ƙauye masu kawo amfanin gona su ma da nasu. Na biyu, sukan zo a makare, bayan an riga an shafa jan fenti a bangon gida. Alhali majalisar birni tana shirya tsarin raya ƙasa na shekara huɗu huɗu, kuma ƙa'ida ta tanadi a saurari jama'a kafin a amince da shi. A wannan zama ake sa titi a lissafi ko a bar shi, kuma kujerun zango a can sau da yawa babu kowa a kansu. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Sarakunanmu da limamai da shugabannin tasha da na kasuwa, maza da mata, su wakilta masu halartar irin wannan zama, su riƙa tambayar wakilan unguwanninmu a majalisa abin da ke cikin tsari tun yana takarda. Masu gidaje da rumfuna a bakin titi su gyara takardun filayensu. Tsarin mulkin 1992 ya wajabta biyan diyya mai adalci cikin hanzari idan hukuma ta karɓi dukiyar mutum, amma mai hujja a rubuce ya fi saurin samun haƙƙinsa. Sa'an nan mu kiyaye abin da aka riga aka yi. Ruwa ne babban maƙiyin kwalta, kwatar da muka toshe da shara ita ke tura shi ƙarƙashin titi, lodin da ya wuce ƙima kuma shi ke ƙarasa ɓarnar. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa hanya tana da haƙƙi a kan mai zama a bakinta, kuma kawar da cuta daga kanta sadaka ne.

Ga iyayen yara kuma, a cikin 'ya'yanmu masu karatu a ƙarfafa wasu su karanci aikin injiniya da awon ƙasa da tsara birane. Madugu ya san rijiyoyi da mashigai da halin kowane sarki daga Kano zuwa Gwanja, da wannan sani ya sami bakin magana. Irin wannan sani a yau yana ofisoshin da ake zana taswira da rubuta kasafin kuɗi, kuma ƙofarsu a buɗe take ga ɗan zango kamar kowane ɗan ƙasa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka taka wannan hanya da ƙafa, da waɗanda suka sare ta da hannu. Allah Ya kiyaye direbobinmu da matafiya, Ya zaunar da Tamale da ƙasar Ghana lafiya.